Kafin Ka Kama Hanyar Masar: Shawarwari ga Ɗalibi, Majinyaci da Mai Ziyara

 

A ƴan shekarun nan tafiya Masar ta yawaita a cikin jama'armu. Wani ɗansa ne zai tafi karatu Azhar, wani tsohonsa zai kai asibiti a Alƙahira, wani kuma fatauci ko ziyara ce za ta kai shi. Tambayoyin da ake yi mana a kan wannan tafiya kusan iri ɗaya ne, shi ya sa muka ga ya dace mu tattara amsarsu wuri guda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Hanyar ba sabuwa ba ce gare mu. Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324 a kan hanyarsa ta hajji, sarakunan Kanem sun yi wa ɗalibansu makaranta a birnin, kuma a cikin masallacin Azhar kansa an daɗe da keɓe wa mutanen Barno ɓangarensu na zama. Magabata watanni suke yi bisa raƙumi, suna tsoron ƙishirwa da ƴan fashin sahara. Yau mutum ya taso daga Damagaram ko Maraɗi ya kwana Kano, gobe ya shiga jirgi, cikin ƴan awoyi ya sauka. To amma sauƙin hanya ya sa mutane sun daina shiri. Kuma abin da muke so ku riƙe tun farko shi ne: abin da ke cutar da baƙo a Masar galibi ba ɗan fashi da bindiga ba ne. Takarda ce da ta ƙare bai lura ba, ko dillalin da ya amince wa, ko na'urar dumama ruwa a banɗaki, ko mota a bakin titi.

Mu fara da takardu, don su ne kan magana. Fasfo ya zama akwai aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Biza kuwa ana nemanta tun daga gida, a ofishin jakadancin Masar da ke Yamai. Kada wani ya ce maka "tafi kawai, a filin jirgi za a buga maka". Wannan sauƙi na mutanen wasu ƙasashe ne, kai ka tafi da taka a hannu. Sai katin allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Masar tana neman sa daga duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu, kuma wanda ba shi da shi ana iya keɓe shi na wasu kwanaki. Allurar ba ta fara aiki a wurin hukuma sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka ba ranar jajibirin tafiya ake zuwa ba. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rayuwa. Masu sayen kati ba tare da an yi musu allurar ba, su sani sun haɗa ƙarya da ganganci, kuma ba jami'in filin jirgi suka cuta ba.

Wanda zai daɗe, musamman ɗalibi, bizarsa ta shiga ce kawai. Bayan ya isa dole ya nemi takardar zama, wadda ake kira iƙama. Da can a babban ginin hukuma na dandalin Tahrir ake yin ta, amma tun 2019 aka mayar da ofishin unguwar Abbasiyya. Aikin yana cin lokaci: layi tun da asuba, a ce kawo takardar makaranta, a ce kawo yarjejeniyar hayar gida, a ce dawo bayan kaza. Ranar Juma'a da Asabar kuma ofisoshin gwamnati a rufe suke. Shawararmu ita ce a fara neman sabuntawa tun da sauran makonni, kuma duk wata ƴar takarda da aka ba ka mai nuna cewa takardunka suna hannun hukuma, ka riƙe ta kamar ranka.

Me ya sa muka nace a nan? Saboda al'amarin ya tsananta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara Masar, hukuma kuma ta ƙara matsa bincike a kan baƙi. A wannan shekarar ce gwamnati ta umarci masu zama ba bisa ƙa'ida ba su gyara takardunsu tare da biyan dalar Amurka 1000. Ɗan sanda da ya tsayar da mota ba ya bambanta ɗan Tawa da ɗan Darfur da ido. Baƙar fata ya gani, takarda zai tambaya. Ɗalibin da ya sauko sayen burodi da jallabiyar barci ba komai a aljihu, yana iya kwana a tsare kafin abokansa su gano inda yake. Wanda iƙamarsa ta mutu kuwa, abin yana iya kaiwa ga a mayar da shi gida, karatun shekara da shekaru ya tsaya. Don haka kada a fita ƙofar gida ba shaida, ko da zuwa masallacin unguwa ne. A yi fotokofin fasfo da shafin biza da iƙama, a ɗauki hotonsu a salula, a bar kwafi ɗaya wurin iyali a gida. In an tsayar da kai, ka tsaya, ka yi magana a hankali, kada ka yi gardama, kada ka gudu, kada kuma ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ka nemi a bar ka ka kira ofishin jakadancin Nijar da ke Alƙahira. Kuma ya kamata tun makon farko ka je can ka yi rajistar sunanka, ka kuma nemi ƙungiyar ɗaliban ƙasarku su san da kai.

Sai maganar kaya. A al'adarmu, in mutum zai yi tafiya, maƙwabta sukan kawo saƙo: ga yaji a kai wa yaro, ga kilishi, ga ƙulli. Zumunci ne, ba mu hana ba. Amma duk ƙullin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ya shiga jakarka, ko na ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya ji haushi ya ji. Ƙwayar tramol da ake sayarwa a kan tebur a kasuwanninmu, a Masar cikin miyagun ƙwayoyi take. A 2017 wata Baturiyar Ingila ta shiga da ƙwaya kusan 300 a jakarta, ta ce wa wani mai ciwon baya ta kawo, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 3. In an yi wa Baturiya haka, kai da ba ka da kowa fa? Mai shan magani kullum, na hawan jini ko na suga, ya tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita.

Kuɗi kuwa, kada a dogara da sefa, don ba kuɗin da za ka shiga banki a Alƙahira a canza maka cikin sauƙi ba ne. A mayar da su yuro ko dalar Amurka tun daga gida, takardu masu tsabta, ba yagaggu ba. Wanda ya ɗauki abin da ya haura dalar Amurka 10,000 dole ya bayyana wa kwastan, kuɗin ƙasar kuma, wato junaihi, ba a shiga ko fita da fiye da 5,000. Canji a banki ake yi ko a shagunan canji masu izini, a karɓi rasit. Mun san akwai waɗanda suka je shekarun baya suka dawo suna ba da labarin ribar canjin bayan fage. Wancan zamani ya wuce: a watan Maris na 2024 an saki farashin junaihi, dala ɗaya ta tashi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a banki, ratar da ke tsakanin banki da kasuwa ta kusan ɓacewa. Abin da ya rage shi ne haɗarin kawai, don canji a wajen banki laifi ne mai ɗauri da tara mai nauyi. Kuma iyaye su gane cewa tsadar rayuwa ta hau can kamar yadda ta hau nan. Abin da ya ishi wan yaro shekara biyar da suka wuce ba zai ishi ƙanensa yau ba.

Yanzu ga inda muke so mu ɗan daɗe, wato dillalai. Misirawa suna ce wa dillali simsar, amma simsar ɗin da ya fi cutar mutanenmu sau da yawa Hausa yake ji. Shi ne zai tarye ka a filin jirgi da fara'a, ya ɗauki jakarka, ya ce "Alhaji, ka zo gida." Ba mu ce duka mugaye ne ba, akwai ɗalibai masu amana da ke tafinta suna samun na sabulu, kuma haƙƙinsu ne a biya su. Matsalar ita ce ladan da ba a faɗa ba. Majinyaci ya zo, tafinta ya kai shi asibitin da yake da kaso a ciki, ba wanda ya fi dacewa da ciwon ba. A faɗi kuɗin aiki da Larabci, shi ya juya da Hausa ya ninka. Maganin wannan ba wuya. Ku yi ciniki da tafinta a fili tun farko: nawa ne ladanka a rana? Ku nemi asibiti ya rubuta muku kiyasin kuɗin aiki a takarda mai hatimi. Ku biya da hannunku a wurin karɓar kuɗi na asibitin, ku karɓi rasit. In aikin babba ne, kamar tiyata, ku nemi ra'ayin likita na biyu a wani asibitin dabam kafin ku yarda. Kuma fasfo ba ya kwana a hannun dillali, ko da ya ce "ajiya" zai yi maka. Wanda ya riƙe fasfonka ya riƙe ƙafarka.

Masu ciwon ƙoda su ƙara kula. Dokar Masar ta 2010 ta haramta sayar da sassan jikin mutum, kuma dashen ƙoda ga baƙo yana da sharuɗɗa da takardun hukuma da ake bi. A ƙarshen 2016 an kama wani gungu na masu wannan fatauci, har da likitoci da ma'aikatan jinya a ciki. Duk wanda ya ce zai samo maka mai bayarwa da kuɗi, a yi aikin a ɓoye, to yana kai ka ga kurkuku ne ko ga kabari. Haka nan saurayin da aka ce za a biya masa jirgi ya je "gwajin jini" a ba shi kuɗi, ya san abin da ake nufi da shi.

Ɗalibai ma suna da nasu dillalan, masu sayar da "gurbin Azhar" ko "minha", wato tallafin karatu. Tallafin Azhar ta hanyar hukuma yake zuwa, ba a sayar da shi a shago. Wanda ya same shi yakan samu masauki a unguwar ɗalibai baƙi da ake kira Madinatul Bu'us. Wanda ya tafi da kuɗin gidansu kuwa, shi zai nemi ɗaki, shi zai ci da kansa, kuma ba lalle ne ya shiga jami'a kai tsaye ba. In shahadarsa ba ta cikin waɗanda Azhar ta amince da daidaitonsu, za a yi masa jarrabawar tantance matsayi, a ajiye shi a ajin da ya dace, wani lokaci ma a fara da koyon harshe. Uba ya san wannan kafin ya sayar da gona yana lissafin shekara huɗu. Game da ƴanmata da ake zuwa ana ce wa iyayensu akwai aikin gida a Alƙahira da albashi mai tsoka, ra'ayinmu a fili yake: kada a ba da su. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kuma yarinyar da aka karɓe wa fasfo a cikin gidan da ba ta san sunan unguwarsa ba, wa za ta kai wa kuka?

Gidan haya: mutanenmu sun fi zama a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir da kewayenta, wasu kuma a Darrasa kusa da Azhar. A rubuta yarjejeniya, a ga mai gidan ido da ido, a fayyace kuɗin ajiya da na lantarki da gas. Mai gadin bene, wanda suke kira bawwab, a girmama shi, a riƙa ba shi ɗan abin hasafi. Ya san duk mai shiga da fita, kuma ranar da ka shiga matsala shi ne shaidarka ta farko.

A cikin gidan nan ne kuma haɗarin da ba a faɗa wa kowa yake. Mutanenmu suna zaton Masar zafi ce kawai. A'a. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma na siminti ne masu riƙe sanyi, sanyin yana shiga ƙashi fiye da hunturunmu. Sai a rufe tagogi ruf, a kunna na'urar dumama ruwa mai aiki da gas, wadda suke kira sakhan. In na'urar tana cikin banɗaki kuma ba ta da bututun fitar da hayaƙi, ko bututun ya toshe, tana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana wanka sai ya ji ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya. Kafin ya kai hannu ga ƙofa ya faɗi. Kowane sanyi ana rasa rayuka ta wannan hanya a Masar, har iyali guda a dare ɗaya. Don Allah, ranar da za ku kama gida, kafin ku dubi fenti ku dubi sakhan. A tabbatar bututunsa ya fita waje, a bar tagar banɗaki a ɗan buɗe, kada a daɗe a ciki, kuma in ɗan ɗakinku ya shiga wanka ya yi shiru, ku buga ƙofa, ba rashin kunya ba ne. Haka kaskon gawayi da muka saba shiga da shi ɗaki a gida: ɗakunanmu suna shan iska ta ko'ina, na can ba sa sha. In an samu wani ya suma, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da shi sarari, a kira motar asibiti a lamba 123. Sauran lambobin ma a haddace su: ƴan sanda 122, ƴan kwana-kwana 180, ƴan sandan kula da baƙi masu yawon buɗe ido 126.

Abinci ba matsala, halal ne kuma da araha: wake da suke kira ful, da ta'amiyya mai kama da ƙosai, da kushari, da gurasarsu. Cikin baƙo dai yakan ɗan juya a makon farko. A sha ruwan roba ko a tafasa na famfo, a ci abin da aka sauke da zafi, a bar ɗanyen ganye na bakin titi sai ciki ya saba. In zawo ya kama, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Akwai wani ruɓaɓɓen kifi mai gishiri da suke ci a bikin bazara, sunansa fasikh; hukumar lafiyarsu da kanta tana gargaɗi a kansa kowace shekara, to baƙo ya ce ya ƙoshi. Kada a yi wanka a magudanan ruwan gonaki saboda tsargiya, kuma samarin da ke zuwa Iskandariyya su sani teku ba tafki ba ne, yana da igiyar da ke jan mutum ciki.

Ga wani abu da mutane ba sa tunaninsa. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Abin farin ciki ne gare su, amma gare mu akwai lura. Kana iya tasowa daga gida da cutar a jininka, musamman bayan damina, zazzaɓi ya tashi bayan mako ɗaya ko biyu da isarka. Likitan da bai saba ganin cutar ba zai iya ɗaukarta mura ce. Kai za ka buɗe baki ka ce: daga Nijar na zo, a gwada mini malariya. Wannan kalma ɗaya tana iya zama sanadin tsira.

Titi kuwa, Alƙahira da kewayenta mutum fiye da miliyan 20 ne, kuma direbobinta ba sa tsaya wa mai tafiya a ƙasa. Sabon zuwa kada ya tsallaka shi kaɗai. Ya tsaya gefen ƴan gari, su suna tsakaninsa da motoci, in sun taka ya taka, kada ya yi gudu, kada ya ja da baya a tsakiya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, wanda aka buɗe tun 1987, shi ya fi araha da aminci, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata a tsakiyarsa. Namiji ya kula kada ya faɗa ciki. Farar tasi tana da mita, suna ce mata addad. In direba ya ce ta lalace, a yi ciniki kafin a shiga ko a nemi wata. Uber da Careem sun fi sauƙi ga baƙo, don kuɗin yana fitowa a salula. A nan ɗaliban allo sun fi ƴan boko riba, domin lambobin mota da na farashi da alƙaluman Larabci ake rubuta su. Doguwar tafiya ta mota cikin dare a guje mata in da hali.

Tun da mun ambaci Larabci, bari malamin Larabci ya ɗan yi nasa. Ɗalibi ya sauke Ajurumiyya da Alfiyya, ya sauka filin jirgi yana jin ya iso gida, sai direba ya yi masa magana ya kasa kama ko kalma ɗaya. Kada wannan ya karya masa gwiwa. Larabcin titi dabam ne da na littafi. Mutanen Alƙahira suna mayar da jimun ya koma "g", sai ka ji masgid maimakon masjid, gineh maimakon junaihi. Ƙafun kuma sukan haɗiye shi ya zama hamza, ƙalbu ta koma alb, ƙahwa ta koma ahwa. Gurasa ba khubzu ba ce a bakinsu, aish ce. Laban madara ce, ba nono mai tsami ba. Fen shi ne ina, bikam nawa ne, ayiz ina so, mish ayiz ba na so, aiwa i, ala tul miƙe sak, dilwa'ti yanzu. In kana cikin ƙaramar bas kana son sauka, ka ce "ala gamb ya usta". In kana magana da jami'i ko babba, ka ce masa hadritak, kalmar girmamawa ce mai buɗe ƙofofi. In ka yi fusha za su gane ka, wani ya yi murmushi, wani ya ce ka yi kamar mai karanta labarai, ba komai. Amma kalmomi talatin na yaren gari sun fi amfani a kasuwa da ofishin ƴan sanda fiye da babin ishtigali gaba ɗaya. A koye su don buƙata, a riƙe fusha don karatu, kada ɗaya ta cinye ɗaya.

Akwai abin da ba daɗin faɗa, amma ɓoye shi ba amfani. Baƙar fata yakan ji kalmomin tsokana a titi, galibi daga yara da matasa marasa tarbiyya. Mata kuma sukan gamu da masu damunsu a wuraren cunkoso. Da yawan Misirawa mutanen kirki ne masu son ɗaliban Azhar, za ka ga tsoho ya biya maka kuɗin mota don kawai ya ji daga ina ka zo. Amma in an tsokane ka, ka wuce. Faɗa a titi tsakanin baƙo da ɗan gari, ko kai ke da gaskiya, kai za a fara tambayar takarda. Mata su riƙa fita bibbiyu ko fiye, in wani ya matsa musu su ɗaga murya, jama'a sukan kawo ɗauki.

Siyasar ƙasar ba taka ba ce. Kada ka tsoma baki a cikinta, ko a tasi, ko a majalisin karatu, ko a Facebook. In ka ga taro ko zanga-zanga, canza hanya. Kada a ɗauki hoton soja, ɗan sanda, ofishin gwamnati ko shingen bincike, kuma ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ba a shiga da shi ƙasar ba tare da izini ba. Layin salula a saye shi a shagon kamfani da fasfonka, kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wanda ba ka sani ba. Arewacin Sina'i da saharar yamma wajen iyakar Libiya ba wuraren zuwa ba ne. A 2015 jami'an tsaro sun buɗe wuta bisa kuskure a kan ayarin masu yawon buɗe ido a saharar yamma, mutum 12 suka mutu, akasarinsu ƴan Meziko. Wanda kuma aka yi wa raɗa cewa daga Masar akwai kwalekwalen Turai, ya tuna jirgin ruwan da ya kife kusa da Rashid a 2016, ya ci mutum fiye da 200.

A masallatai za ka ga abin da ba ka saba ba, don yawancin mutanen arewacin ƙasar Shafi'awa ne, Malikawa sun fi yawa a kudu. Liman zai bayyana basmala, ko ya yi wani abu ba yadda aka koya maka ba. Ka bi shi, sallarka ta yi, ba gyara ka je yi musu ba. Majinyaci da mai rakiyarsa kuma su tuna cewa a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin ƙasaru. Masu zuwa ziyara masallacin Husaini da Sayyida Zainab da ƙabarin Imam Shafi'i su kula da aljihu a cunkoso, su tanadi ƴan canji don mai ajiyar takalma. A kasuwar Khan Khalili farashin farko ba farashi ba ne, mu kuwa ba a koya mana ciniki. A wajen dalar Fir'auna da ke Giza, mai raƙumi zai ce hau kyauta. Saukowar ce ke da kuɗi. Mu da muka tashi cikin raƙuma ba mu da uzurin faɗawa wannan tarko.

Iyalan da ke gida su ma da nasu aikin. A rubuta adireshin masaukin matafiyi, da lambar mutum biyu da ke tare da shi, da ta ofishin jakadanci. A tsayar da ranar waya a mako, in ta wuce ba a ji shi ba a fara bincike, kada a jira wata guda. A tuna agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi. Mai dawowa kuma ya duba ranar ƙarewar bizarsa tun kafin ya yanki tikiti, don wanda ya wuce wa'adi sai ya biya tara kafin a bar shi ya fita, kuma ba a so a gano haka ana saura awa ɗaya jirgi ya tashi. Majinyaci ya karɓi dukan takardun asibitinsa, da hotunan gwaji, da rahoton likita, ya roƙa a rubuta masa sunan maganin na asali ba sunan kamfani kaɗai ba, yadda likitan Damagaram ko na Yamai zai iya ci gaba daga inda aka tsaya.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.